Farashin Ranar Da Kasuwa Ba Ta Ci Ba

Duk wanda ya san kudancin Jihar Kaduna ya san cewa citta ita ce babbar hajar ƙasar. Daga Kachia zuwa Kwoi, daga Kagarko zuwa Zonkwa da Kafanchan, da wuya a sami manomin da bai san tafin giwa da yatsun biri ba, wato irin citta biyu da aka fi shukawa a wannan yanki. Tun da Kafanchan ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, busasshiyar citta ke fita daga nan zuwa bakin teku, daga can kuma sai ƙasashen waje.

A dā farashin citta yana bakin dillali ne, sai kuma littafin akawun kamfani. Yau kuwa ya koma cikin wayar hannu. Mai saye yana zaune a Ikko ko Kano ko Dubai, ya buɗe manhaja, sai ga zane ya fito, layi yana hawa yana sauka, yana nuna masa yadda buhu ya kwana jiya da yadda ya tashi yau. Kasuwannin amfanin gona na zamani, irin su AFEX da aka kafa a 2014, da bankuna masu ba da rance a kan hajar da aka ajiye a sito, da masu fitar da kaya waje, duk da irin wannan zane suke yanke shawara. To, akwai wata tambaya ƙarama wadda masu kallon zanen ba su cika yi ba, alhali kuwa dukiya mai yawa ta rataya a kanta: ranar da kasuwa ba ta ci ba, me na'urar take zanawa?

Tsohon akawu bai taɓa samun wahala da wannan ba. In ya je kasuwa bai tarar da ciniki ba, sai ya ja ɗan layi a gurbin ranar, ko ya bar shi fili, wanda duk ya buɗe littafin kuma ya gane nufinsa. Kwamfuta ba ta da wannan basira sai an koya mata.

Irin waɗannan ranaku kuwa ba su yi wa kudancin Kaduna kaɗan ba. Da ma yawancin kasuwannin ƙauye sau ɗaya suke ci a mako, sauran kwana shida babu abin rubutawa. Ban da wannan, a watan Afrilu na 2011, cikin rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, an ƙone babbar kasuwar Kafanchan. A ƙarshen 2016 an sa dokar hana fita dare da rana a Ƙaramar Hukumar Jema'a da maƙwabtanta. A 2020 aka kulle jihar baki ɗaya tun daga ƙarshen watan Maris saboda annobar korona, ba a gama farfaɗowa ba kuma sai ga wata dokar hana fita a Zangon Kataf da Kauru cikin watan Yuni, aka faɗaɗa ta zuwa Jema'a da Kaura a watan Yuli. Sa'an nan a daminar 2023 cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, har hukumomi suka ƙiyasta asarar da manoma suka yi ta kai wajen Naira miliyan dubu 12. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar giɓi a lissafin farashi, kuma giɓin kowanne da dalilinsa daban.

Don a gane inda gizo yake saƙar, sai an san yadda farashi yake tafiya daga kasuwa zuwa fuskar waya. Zanen da ake gani ba a aiko shi a matsayin hoto. Abin da ake aikowa rubutu ne zalla, an jera shi bisa wata ƙa'ida, wadda aka fi amfani da ita yau ana kiranta JSON. Kowace rana tana da ƙunshinta, a cikin ƙunshin kuma akwai gurabe: kwanan wata, farashin da aka buɗe kasuwa da shi, mafi tsadar da aka kai, mafi arahar da aka sauko, farashin da aka tashi a kai, da kuma yawan hajar da aka sayar. Da waɗannan farashi huɗu ake zana abin nan mai kama da kyandir da ake gani jere a manhajojin ciniki, dabarar da ake danganta asalinta ga 'yan kasuwar shinkafa na ƙasar Japan. Idan saƙon ya iso, sai manhajar da ke cikin waya ta kwance ƙunshin, ta ɗauki abin da ke kowane gurbi ta mai da shi lamba, ta zuba a mazauninsa. A wurin wannan kwancewa ne ake yin ɓarnar.

In babu farashi, mai aikowa yakan yi ɗaya cikin abu uku: ko ya cire gurbin ɗungum, ko ya bar shi babu komai, ko ya rubuta wata kalma, null, wadda ma'anarta ita ce babu abin faɗa a nan. Ita kuwa manhajar da ke karɓa an gina ta ne tana jiran lamba. Wata in ta ci karo da null sai ta tsaya cik, fuskar wayar ta yi fari, mai ita ya yi tsaki ya ce intanet ne. Wannan ita ce mai dama-dama, gama ko ba komai ba ta yi ƙarya ba. Wata kuwa sai ta rufa wa kanta asiri ta zuba sifiri ta wuce. Ba kuma mugunta ce ta wani ba, haka aka ƙera kayan aikin. Harshen JavaScript, wanda kusan kowane shafin intanet ke aiki da shi, in aka ce ya mai da null ko gurbi marar komai zuwa lamba, sifiri yake bayarwa. A harshen Go, wanda ake rubuta manyan na'urorin rarraba bayani da shi, gurbin lambar da saƙo bai cike ba yakan zauna a kan sifiri. Mai rubuta manhaja in bai tsaya ya yi tanadi na musamman ba, to ya riga ya yanke hukunci cewa rashin farashi da farashin sifiri abu ɗaya ne, ko da bai san ya yanke ba.

A ɗauki misali, don lissafi kawai. A ce buhun busasshiyar citta ya tashi a kan Naira 200,000 ran Litinin, 205,000 ran Talata, ran Laraba aka hana fita, ran Alhamis 210,000, ran Juma'a 205,000. Wanda ya san Laraba ba a yi ciniki ba zai tara kwana huɗu ya raba huɗu, ya sami matsakaicin farashi Naira 205,000. Na'urar da ta zuba sifiri za ta raba biyar, ta sami 164,000. Buhu ya yi asarar Naira 41,000, kashi 20 cikin ɗari, ba tare da ko mutum ɗaya ya taya shi haka ba. Mai buhu 100 a sito, wanda ya jinginar da rasidinsa ya karɓi rance, an rage wa jinginarsa daraja da Naira miliyan 4 da dubu 100 a takarda. In tsarin bankin na'ura ce ke duba darajar jingina, to za a iya aiko masa da saƙon ya ciko kuɗi ko a sayar da hajarsa. Haka nan wanda ya bar wa manhaja umarni cewa in farashi ya faɗi ƙasa da kaza ta sayar, layin nan da ya nutse har ƙasa ran Laraba ya isa ya sa a rabu da kayansa yana barci.

Abin ban sha'awa shi ne ita kanta kalmar sifiri daga Larabci ta zo, kuma asalin ma'anarta fanko, abin da babu komai cikinsa. Amma tun da ta shiga lissafi ta zama lamba mai cikakken iko, ana tarawa da ita, ana rabawa da ita. Bahaushe ya bambanta "babu" da "ba a sani ba", kuma a nan bambancin shi ne kan maganar duka. Ranar da aka hana fita, in aka ce yawan buhunan da aka sayar a kasuwa sifiri ne, an faɗi gaskiya, don babu wanda aka sayar. In aka ce farashin buhu sifiri ne, an yi ƙarya, don ba kyauta aka raba shi ba. Gurabe biyu ne a ƙunshi ɗaya, suna maƙwabtaka, sifiri ya halatta a ɗaya ya haramta a ɗayan. Akwai ma mataki na uku: ranar da kasuwa ta ci sosai amma mai ɗauko farashi bai je ba, ko ya je sabis ya hana shi aikawa, to ko yawan buhunan ma ba sifiri ba ne, ba a sani ba ne kurum.

Ƙarfin sifiri guda ɗaya ba abin rainawa ba ne. A watan Satumba na 1997 wani ma'aikacin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Yorktown ya shigar da sifiri a wani gurbi, kwamfuta ta nemi yin rabawa da shi, na'urorin jirgin suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya tsaya a teku kusan awa uku ba ya motsi.

To amma ƙaryar sifiri tana da sauƙin kamawa, domin ido yakan ga layi ya faɗa rami, mai hankali ya yi shakka. Wadda ta fi ta haɗari ita ce mai kyan gani. Da yawa daga masu rubuta manhaja, da suka gane sifiri ba shi da kyau, sai suka koma ɗauko farashin jiya su cike gurbin yau da shi, in gobe ma babu su sake jawo shi gaba. Wasu kuma sukan ja miƙaƙƙen layi daga farashin ƙarshe da aka sani zuwa na farko da ya biyo baya, su ƙirƙiro lambobin tsakani. Zane ya fito sumul, babu rami babu tsalle, mai kallo ya ce kasuwa ta kwanta lafiya.

Ana cewa da babu gara ba daɗi, amma wannan karin magana bai hau nan ba. A kasuwar hannun jari ta Ikko, inda aka koma ciniki da kwamfuta tun 1999, in hannun jarin wani kamfani ya yini ba a taɓa shi ba aka nuna farashinsa na jiya, illar kaɗan ce, musamman da yake ana rubuta yawan cinikin a gefe, kowa ya ga babu. Asabar da Lahadi kuwa tsallake su ake yi, don kowa ya san ba a buɗewa, ko da yake manhajar da aka ƙera a waje ba ta san hutun Sallah ba, wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take sanarwa. Amma a kasuwar amfanin gona, ranar da farashi ya ɓace sau da yawa ita ce ranar da wani babban abu ya faru. Ba a rasa farashin citta a ƙarshen 2023 don akawu ya yi kasala ba, an yi ƙarancinsa ne don cittar ce ta ruɓe a ƙasa. Wato shirun da kansa labari ne, kuma labarin shi ne haja ta yi wuya, farashi zai yi tashin gwauron zabo, kamar yadda kuwa ya yi. Manhajar da ta cike irin waɗannan makonni da farashin kakar da ta wuce ta ɓoye wa mai kallo abin da ya fi bukatar sani. Ɗan kasuwar da ya dogara da wannan shimfiɗaɗɗen layi ya sa hannu a yarjejeniyar kai tan kaza ƙasar waje a kan tsohon farashi, ranar da ya aiko yaransa Kachia da Kwoi su tara kaya zai gane kurensa.

'Yan Nijeriya sun taɓa ganin irin wannan giɓi a fili. A ranar 17 ga Satumba, 2021, shafin abokiFX, wanda jama'a da yawa suke duba farashin dala na kasuwar bayan fage a cikinsa, ya dakatar da buga farashin bayan da Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya zarge shi da jagula darajar Naira. Lambar ta tsaya a shafi, amma 'yan canji a Wapa ta Kano da unguwar Wuse ta Abuja ba su tashi daga benci ba. Duk wani lissafi da aka ɗaura a kan shafin, aka bar shi yana maimaita lambar ƙarshe, ya ci gaba da nuna dala a tsaye alhali tana tafiya.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira ba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe ayyukanta kwana 43, daga 1 ga Oktoba, saboda majalisa ta kasa amincewa da kasafi. Ma'aikatan da ke zagaya kantuna suna ɗauko farashi ba su fita ba, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta soke rahoton hauhawar farashi na watan Oktoba ɗungum. Da rahoton Nuwamba ya fito cikin Disamba yana nuna kashi 2.7 cikin ɗari, ƙasa da yadda aka zata, sai masana tattalin arziki da dama suka yi ca, suna cewa yadda aka cike gurbin Oktoba, musamman wajen kuɗin hayar gidaje, ya danne lambar. Yabon da za a yi wa hukumar shi ne ta fito ta faɗi cewa Oktoba babu, ta bar gurabe a fili a jadawalinta, shi ya sa ma aka sami abin yin gardama a kai. Da ta cike a ɓoye, da babu mai ji.

Akwai kuma wani kuskuren da yake kishiyar wannan, wanda masu gudun sifiri sukan faɗa ciki: tsugune ba ta ƙare ba. Wasu sukan ce duk farashin da ya zo sifiri ko ƙasa da sifiri, a ɗauke shi alamar babu bayani, a jefar. Wasu ma da gangan suke aiko da lamba irin su -1 ko 9999 a matsayin alamar gurbi, suna ganin ai babu hajar da za ta taɓa kai wannan farashi. Ranar 20 ga Afrilu, 2020, kasuwa ta ƙaryata su. Korona ta tsai da motoci da jirage, rumbunan ajiyar ɗanyen mai a Amurka suka kusa cika, masu riƙe da takardun sayen man da za a miƙa a watan Mayu suka rasa inda za su zuba shi, har suka koma biyan kuɗi don a karɓe musu. Ganga ta tashi a kan dala 37.63 ƙasa da sifiri. Manhajar kamfanin dillanci na Interactive Brokers ba a gina ta da sanin farashi yana iya tsallake sifiri ba, saboda haka ba ta nuna wa masu ciniki ainihin abin da ke faruwa ba. Wasu suka yi ta saye a kan 'yan kwabbai suna murna sun sami ganima, aka tashi kasuwa suna cikin bashi. Kamfanin ya biya abokan cinikinsa wajen dala miliyan 100, hukumar da ke sa ido a kan irin wannan ciniki kuma ta ci shi tarar dala miliyan 1.75 a watan Satumba na 2021. Wanda ya ɗauki gurbi ya mai da shi lamba, da wanda ya ɗauki lamba ya mai da ita gurbi, kuskure ɗaya suka yi: sun sa abu ɗaya aiki biyu.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar fasaha. Harsunan kwamfuta na zamani da yawa suna da hanyar ayyana gurbi a matsayin wanda zai iya ƙunsar lamba, zai iya kuma kasancewa fanko, ta yadda dole mai rubutu ya faɗi abin da za a yi in an tarar da shi fanko. Abin da ya kamata a yi kuwa shi ne layin ya katse a wurin, a bar fili, a ci gaba daga inda aka sake samun ciniki. Lissafin matsakaici ya ƙirga ranakun da aka yi ciniki kaɗai, ya kuma nuna ko nawa ne. In dole sai an nuna farashin ƙarshe, to a nuna shi da wani launi daban, da kwanan watansa a manne, don mai kallo ya san ko na jiya ne ko na wata uku da suka wuce. Umarnin sayarwa ko na neman ƙarin jingina kada ya taɓa tashi a kan lambar da ba ciniki ne ya haife ta ba. Abin da ke hana yin haka, in za a faɗi gaskiya, shi ne zane mai giɓi ba ya burge mai kuɗin da ya ba da kwangilar manhajar, yana ganinsa kamar aikin da ba a gama ba.

Sai dai duk wannan yana can ƙarshen hanya. Farkonta yana hannun yaron da aka ba waya da ɗan kuɗin mota aka ce ya riƙa zuwa kasuwa yana aiko da farashi, ko na kamfani ne, ko na ma'aikatar gona, ko na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Fom ɗin da ke cikin wayarsa sau da yawa ba ya yarda a wuce gurbi sai an sa lamba, alawus ɗinsa kuma ya dogara ne a kan fom ɗin da ya cika ya aika. Ya iso kasuwa cikin watan Agusta, ruwa yana zuba, tsohuwar citta ta ƙare, sabuwa tana ƙasa sai Oktoba ko Nuwamba a fara tono. Ya tarar da mace ɗaya da 'yan mudu na ɗanyar yatsun biri, alhali fom ɗin buhun busasshiyar tafin giwa yake tambaya. Ko ya sa sifiri, ko ya kwafo na makon jiya, ko ya tambayi wani dillali da ke fakewa a rumfa nawa yake jin za a sayar da a ce akwai. Duk wadda ya zaɓa, za ta isa Ikko a matsayin lamba kamar kowace lamba, kuma babu manhajar da za ta iya gane ta daga can. Fom ɗin yana bukatar wurin da zai danna ya ce kasuwa ba ta ci ba, da wani wurin da zai ce ta ci amma babu wannan haja, da na uku da zai ce bai samu zuwa ba, a kuma biya shi alawus ɗinsa cikakke a kan kowanne daga cikin biyun farko.